Kada almakashi ya riga allura gudu: yadda nake ƙayyade aikin da ke hannu a shagon ɗinki

Daren 17 ga watan azumi ne, bayan an idar da asham, na sa aka rufe ƙofar shagona da ke Fagge, na ce babu wanda zai hau keke sai mun ƙirga abin da ke cikin ɗakin nan. Ba yadin da mutane suka kawo yake ninke a kan kanta nake nufi ba. Wanda almakashi ya riga ya shiga nake nufi: wanda aka yanka aka ɗaure, wanda ke jiran surfani, wanda aka haɗa jikinsa ba a sa hannu ba, da wanda maɓalli da guga kawai suka rage masa. Muka zazzage kwanduna, muka janyo ledojin da ke ƙarƙashin teburin yanka. Saiti 180 muka samu, riga da wando. A wancan lokacin, ranar da komai ya tafi daidai, saiti 12 ne ke fita ta ƙofa a goge, a ninke.

Ka raba 180 gida 12, kwana 15 ke nan. Sallah kuwa saura kwana 12 ko 13. Ga wasu yadika kusan 60 a kanta da ko awonsu ban buɗe ba. Kuma da la'asar ɗin ranar na dubi idon wani dattijo da ya kawo ɗinkin 'ya'yansa uku na ce masa, "Baba, ka dawo jibi." Ban yi niyyar yi masa ƙarya ba, amma abin da na faɗa ƙarya ne, don ban san yawan abin da ke gabansa a layi ba. Wannan dare ya daɗe yana cin raina, kuma daga shi na canza yadda nake tafiyar da shago.

A ɗinki na koyi abin da zan faɗa, don haka da kayan ɗinki zan yi misali. Amma kafinta, da mai walda, da masu yin takalma a Ƙofar Wambai, har da mai kula da layin inji a masana'antun Sharaɗa ko Bompai, duk za su gane kansu a ciki. Duk inda aiki ke bi ta hannu fiye da ɗaya kafin ya fita, ciwon iri ɗaya ne.

Mu teloli muna da wata ɗabi'a da ya kamata mu faɗi gaskiya a kanta. Da an kawo yadi sai mu yanka. Dalili biyu ne. Yankakken yadi ba ya komawa, mai shi ba zai ɗauka ya kai wa wani tela ba. Sannan in ya leƙo ka nuna masa an fara, hankalinsa ya kwanta, ya tafi. Amma daga ranar da ka yanka, ka ɗauki kaya a ka. Kaftani da wando, in ka haɗa yanka da surfani da ɗinki da guga, a wajena bai fi aikin awa biyar ba. Sauran kwana goma sha huɗu da wani abu a kwance yake yinsu, kuma a kwanciyar nan ce duk ɓarna ke faruwa. Aljihu ya ɓace. Ƙurar hunturu ta hau farin yadi. Man keke ya ɗiga. Ɓera ya taɓa gefe. A ɗauki hannun wata farar shadda a haɗa da jikin wata, sai an fita rana a ga hasken ba ɗaya ba ne, kuma shadda irin Getzner ba abin da za ka ce "a yi haƙuri" ya wuce ba ce. Ka sayi zare, ka sayi gam, ka biya mai yanka, cikon kuɗinka kuwa ba zai shigo ba sai ranar da aka karɓi kaya. Yadin da ba a yanka ba amana ce da za ka iya mayarwa yadda aka kawo ta. Wanda aka yanka ya zama bashi.

Fara da ƙirga

Kafin ka sayi komai ko ka yi wa wani faɗa, ka samu allo da alli. Kullum a lokaci guda, ni da safe kafin a kunna wuta, ka rubuta saiti nawa ke jira a gaban kowane mataki: gaban surfani, gaban kekuna, gaban maɓalli da yanke zare, gaban guga. A ƙasa ka rubuta nawa suka fita jiya. Wanda ya fita shi ne wanda aka goge aka sa a leda aka rubuta sunan mai shi. "An kusa gamawa" ba ya shiga lissafi. Ka yi haka mako guda ba tare da ka canza komai ba.

Wani ƙanena da ya karanta injiniya ya gaya mini daga baya cewa rabawar da na yi a daren nan tana cikin littattafansu. Wani malami a Amurka, John Little, ya tabbatar da ita a 1961: tsawon zaman da aiki ke yi a cikin masana'anta daidai yake da yawan aikin da ke ciki in an raba shi da yawan wanda ke fita a rana. Amfanin sanin wannan shi ne ya rufe maka ƙofar yaudarar kai. Hanya biyu ce kawai ta rage jira, ko ka ƙara abin da ke fita, ko ka rage abin da ke ciki. Tsawa, da tsayuwa a kan yara, da ƙara yanka, babu wanda ke cikin biyun nan.

Wuyan mazurari

Ka taɓa tsayawa wajen mai sayar da man gyaɗa yana ɗura kwalba? Komai faɗin bakin mazurari, abin da wuyansa ya bari shi ke sauka. In ya ƙara zubawa da ƙarfi, malala zai yi. Kowane shago yana da irin wannan wuya, kuma allon nan zai nuna maka shi: wurin da tuli ke ƙaruwa a gabansa, waɗanda ke bayansa kuma suna yawan jiransa.

A wajena, da na auna, mai yanka yana iya yin saiti 30 a yini. Kekuna biyar suna iya haɗa 20. Maɓalli da guga, 25. Injin surfani na kwamfuta, mai kai ɗaya, wuyan riga ɗaya na cinye masa wajen minti 40 har da ɗaura yadi da sauke shi, wato 12 a awa takwas. To mai yanka na zuba 30, wuyan mazurari na barin 12. Kullum 18 na taruwa. Kwana goma, 180. Adadin da muka ƙirga ke nan. Kuma saboda masu keke ba sa son zama, sai su riƙa ɗinke wanduna, tunda su ba sa bi ta surfani. Muka wayi gari da tarin wanduna suna jiran rigunansu, kowa yana gumi, kowa yana ganin yana aiki, ƙofa kuwa 12 take fitarwa.

Eliyahu Goldratt, wanda ya yi littafi a kan wannan a 1984, ya nuna cewa awa ɗaya da aka rasa a irin wannan wuri, masana'anta gaba ɗaya ce ta rasa ta, awar da aka rage a wani wuri daban kuwa ba ta ƙara komai. Na ga gaskiyar wannan da idona. Na taɓa sayen sabon keken wuta ina zaton shi ne maganin, ko saiti ɗaya bai ƙaru ba.

Don haka duk hankalinka ya koma kan wannan inji, kuma kafin ka yi tunanin sayen na biyu, ka duba mintocin da yake yi a tsaye. Ni na zauna kusa da shi yini guda da agogo. Abin da na gani ya ba ni mamaki: yaron da ke kansa yakan tsayar da shi ya sauke yadi, ya je ya tono na gaba a cikin tuli, ya manna gam, ya ɗaure a firam ɗin da ke riƙe yadi, ya nemi zaren da ya dace, ya naɗa bobin, wato zaren ƙasa, sannan ya shiga neman zanen a cikin filas. Duk wannan inji na tsaye. Wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, ya yi suna a kan raba irin wannan shiri gida biyu: abin da dole sai inji ya tsaya a yi shi, da abin da za a iya yi yana gudu. Mu ma haka muka yi. Na sayi firam biyu ƙari, ta yadda kafin inji ya gama wuya ɗaya, na gaba yana ɗaure yana jira. Bobin goma ake naɗewa da safe. Zanen kowane aiki a rubuce yake a jikin ledarsa tun ranar awo, ba sai an kira mai kaya ana tambaya ba. Aikin yini guda mukan jera shi bisa launin zare, masu ruwan toka su bi juna, masu ruwan ƙasa su bi juna. Amma na yini guda kawai. In ka ce sai ka tara duk masu launi ɗaya na mako, ka koma tulin da ka gudo.

Sannan a duba yanka kafin ya hau inji. Wuyan rigar da aka yanka a karkace, in aka yi masa surfani sannan aka gane, minti 40 na shago duka sun tafi. Cin abinci kuma a raba shi, wani ya karɓi inji. Lokacin sallah mukan ɗora masa zane mai tsawo kafin mu fita, tunda in zare ya tsinke yana tsayawa da kansa. Makaniki ya zo ya duba shi a cikin Sha'aban, ba ranar da ya lalace ba. Allurai da man inji su kasance a aljihun tebur. Na kuma ja masa wayarsa daban zuwa ƙaramin janareta da na'urar daidaita wuta, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna babban janareta saboda shago duka ya zama abin da sai an yi tunani. Da waɗannan kaɗai muka tashi daga 12 zuwa 15 a yini.

Babu kati, babu almakashi

Ga ginshiƙin maganar. Na yanka kwalaye, girman tafin hannu, na rubuta musu lamba. Kowane saiti da aka yanka, duk sassansa suna shiga leda ɗaya tare da kati ɗaya, a rubuta ranar yanka a jiki. Katin yana bin ledar daga tebur zuwa surfani, zuwa keke, zuwa guga. Sai an ninke kaya an ajiye a kantar waɗanda suka kammala ake cire shi a mayar kan wata ƙusa da ke kusa da teburin yanka. Doka ɗaya ce: in ƙusar nan babu kati, almakashi ba ya taɓa yadin kowa, ko da na surukina ne.

Dabarar ba tawa ba ce. Kamfanin Toyota ne ya shahara da ita, suna kiran katin kanban, kuma injiniyansu Taiichi Ohno ne ya gina tsarin a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ya faranta mini da na ji tarihin shi ne asalin gidan na zare ne. Sakichi Toyoda, uban gidan, masaƙa yake ƙerawa, wadda ya fitar a 1924 tana tsayawa da kanta in zare ya tsinke, shi kuma Ohno a kamfanin kaɗin zare na gidan ya fara aiki a 1932, sai 1943 ya koma ɓangaren mota. Su suna da kati tsakanin kowane mataki da mai bi masa. Ƙaramin shago bai buƙatar wannan, kati ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ya isa.

Kati nawa? Ka ɗauki abin da ke fita a yini ka ninka da kwanakin da kake so aiki ya yi a ciki. Ina fitar da 15, ina so ya yi kwana uku, 45 ke nan. Amma kada ka faɗo daga 180 zuwa 45 dare ɗaya. A waccan shekarar na hana yanka kwata-kwata har kwana shida, mai yankan ya koma taya ɗaure firam da sa maɓalli, muka sauko wajen 90. Bayan Sallah na mai da shi 60, na zauna a kai wata guda, sannan 45. Na gwada 30, sai na ga a mako ɗaya sau biyu injin surfani ya zauna babu abin ɗorawa, don wata leda ta maƙale jiran zare daga kasuwa, wata kuma mai ita ya ce a dakata. Na koma 45. Ma'aunin ke nan: ka riƙa rage kati har ranar da wuyan mazurari ya fara jin yunwa, sannan ka ƙara kaɗan. A gabansa dai kullum a samu aikin rabin yini zuwa yini ɗaya a shirye.

Wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Kowace safiya nakan duba ranakun da ke jikin katuna, duk ledar da ta kwana biyar a ciki sai na ji dalili. Yawanci ba inji ba ne, abu ne ƙarami: ba a kawo maɓalli ba, yadin bai isa aljihu ba, ba a tabbatar da tsawon hannu ba. Wannan ya koya mini kada a yanka sai komai ya cika, zare, gam, maɓalli, zane da awo.

Gaggawa kuwa ba za ta ƙare ba. Ango zai zo ana gobe ɗaurin aure, malaminka zai aiko. Na ware jajayen katuna uku. Mai jan kati yana tsallake layi, kuma kuɗinsa daban ne. In ukun suna ciki, na huɗu sai ya jira ɗaya ya dawo. Da babu iyaka, cikin kwana biyu rabin shago zai zama gaggawa, talakan da ya kawo nasa tun Rajab shi ne zai sha wahala. Babbar riga da ake kai wa masu aikin hannu a Zariya, da shaddar da ke zuwa wajen 'yan bugu, su ma katinsu daban ne, launinsu daban, don suna yin makonni a waje, in ka haɗa su da sauran za su cinye maka katuna shago ya tsaya.

Wurin da tsarin nan ya kusa rushewa shi ne biyan kuɗi, kuma ina so ka ji wannan da kyau. Mai yankana jinga nake biyansa a kan kowane saiti da ya yanka. Ranar da na ce kada ya wuce abin da kati ya ba shi, abincinsa na rage. Bai yi musu ba, amma na ga fuskarsa, kuma yana da gaskiya. Muka zauna da su duka. Yanzu kowa yana da nasa na jinga, amma ana lissafa shi ne a kan saitin da ya fita, ba wanda ya bar hannun mutum ba, kuma awannin da mai yanka ya yi yana taya wani mataki ana biyansa su. Tun daga nan mai keke ya daina ɗinke wandon da rigarsa ba ta zo ba, don ba zai ƙara masa ko kwabo ba. In ka kafa kati ka bar tsohon tsarin biya, yaranka za su riƙa yanka a ɓoye, kuma laifin ba nasu ba ne.

Abin da za ka gaya wa mai kaya

Kati ba ya ɓatar da layi. Yana fitar da shi ne daga ƙarƙashin tebur ya dawo da shi kan kanta, inda za ka gan shi ka ƙirga. Don haka ranar da za ka ba mutum, ka haɗa wanda ke kanta da wanda ke ciki, ka raba da abin da ke fita. Akwai 75 a kanta, 45 a ciki, ana fitar da 15: kwana takwas. Ka ƙara masa biyu ka ce goma. Ka rubuta a littafi a gabansa.

Na Sallah kuma ga yadda nake yi. A ce saura kwanakin aiki 20. Sau 15, 300 ke nan. Ba na karɓar 300. Wajen 255 nake tsayawa, kashi 85 cikin 100. Dalilin shi ne wuta za ta ɗauke, yaro zai yi zazzaɓi, wani zai dawo da riga a rage masa tsawo. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, John Kingman, shi ma a 1961, ya nuna yadda jira ke hauhawa in aka cika wa inji ciki: yana tafiya ne da lokacin da inji ke aiki in an raba shi da lokacin da yake sarari. In yana aiki kashi 80, sarari 20, ka samu 4. Kashi 90, ka samu 9. Kashi 95, ka samu 19. Wato ɗan ƙarin nan na ƙarshe da kake kwaɗayi, shi ke ninka jiran kowa. Wanda ya taɓa bin hanyar Kantin Kwari ana jajiberin Sallah ya san haka, titin da ya cika maƙil, Adaidaita ɗaya ta mutu, kowa ya tsaya. In littafi ya kai 255, na rufe karɓa. Nakan ce, "Alhaji, in na karɓa zan saɓa maka. Ga wane a layin baya, hannunsa na da kyau, ko kuma ka bar shi na babbar Sallah." Wasu sukan ji haushi a ranar. Yawancinsu sun dawo.

Shago mai iya buɗewa ya tsuke

Aikinmu ba ya zuwa daidai wa daida. Azumi ya cika, bayan ƙaramar Sallah ya lafa, kafin kwana 70 babbar Sallah ta zo, ga kayan makaranta a watan Satumba, ga ankon biki da ba ya sallama. Kuma watannin Musulunci suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, don haka wata shekarar Sallah da komawa makaranta suna nesa da juna, wata shekarar su haɗu. In ka ɗauki ma'aikata da injuna daidai da cikar azumi, za ka ciyar da su a banza wata takwas. In ka tsaya daidai da lokacin sanyin kasuwa, za ka kunyata a azumi. Abin nema shi ne ƙarfin da za ka iya ƙarawa ka kuma janye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi arha shi ne hannun da ya iya abu biyu. Da farko na so kowa ya koyi komai, na ga shekara za ta ƙare ba a kai ko'ina ba. Ashe ba a buƙatar haka. William Jordan na kamfanin General Motors da Stephen Graves sun nuna a 1995 cewa in kowace masana'anta ta iya ƙera abu biyu, aka sarƙa su kamar sarƙa har ta zagayo, ana samun kusan duk amfanin da za a samu in kowacce ta iya komai. Na ɗauki wannan na sa a kan mutane. Mai yanka ya iya injin surfani. Mai surfani ya iya keke. Ɗaya daga masu keke ya iya gidan maɓalli da guga. Mai guga yana koyon yanka, ya fara da wando. Sarƙa ta zagayo. Duk inda tuli ya taso, akwai wanda zai matsa can, wani kuma ya toshe gurbinsa. Koyarwar a watannin da kasuwa ta yi sanyi ake yinta, awa ɗaya bayan la'asar, a kan ragowar yadi. Kuma kada a bar hannun ya mutu: ko ba buƙata, sau ɗaya a mako kowa ya yi rabin yini a aikinsa na biyu.

Na biyu awanni ne. A azumi mukan ƙara zama daga bayan asham zuwa wajen ƙarfe ɗaya, amma a kan injin surfani kawai da mutum ɗaya mai taya shi, ba shago duka ba, tunda sauran suna da sarari. Kuma wanda ya yi dare ba ya fitowa da sassafe. Na daina kwanan shago har sahur da kowa da kowa. Mai azumi da bai yi barci ba, a rana ta uku zai ƙona shadda da dutsen guga ko ya juya hannun riga, gyaran kuma ya cinye abin da daren ya ƙara. Bayan haka ma yaran nan amana ne a hannuna, suna da iyaye da ibada.

Na uku maƙwabci. Akwai wani mai inji mai kai huɗu a unguwarmu. Tun cikin Sha'aban nake zuwa mu yi magana: a goman tsakiya da goman ƙarshe zai karɓi wuya shida nawa kullum, a kan farashin da muka yanke tun yanzu, in ba shi kafin alƙalami. Nakan kai masa aiki kaɗan ko a lokacin da ba na buƙata, don in san hannunsa, shi ma ya san ni ba mai zuwa ranar wuya kaɗai ba ne. Ledar da ta tafi wajensa da katinta take tafiya, tana cikin lissafi.

Sai tsofaffin kaya. Kada ka sayar da keken ƙafa don ka sayi na wuta. Ina da Butterfly biyu a jikin bango, a shafe da mai, da dutsen guga na gawayi. Ranar da babu wuta, janareta ya riƙe injin surfani, ƙafa ta riƙe ɗinki. Ana tafiya a hankali, amma ana tafiya.

Abin da ba ya jiran awon kowa kuma, a yi shi tun kasuwa na barci: mazagi, yankan gam na wuya da na hannu, naɗin bobin, kayan makaranta masu lamba da ka tabbata za a saya. Wannan ne kaɗai tarin da na yarda da shi, don ba yadin wani aka yanka ba. Masu kawo ɗinki tun Rajab da farkon Sha'aban kuma ina rage musu wani abu, na kuma aika wa tsofaffin abokan ciniki saƙo ta WhatsApp in tuna musu. Duk saitin da ya fita kafin ganin wata, ya bar wa wani gurbi a goman ƙarshe.

In ka haɗa zaman dare da maƙwabci, surfani a wajena yana kai 24 a yini cikin azumi. A nan sai wuyan mazurari ya tashi daga inda yake ya koma kan kekuna, masu iya 20. Shekarar farko ban lura ba sai da na ga leda na taruwa a gabansu, allo ne ya nuna mini. Yanzu da an shiga goman tsakiya mai surfanin rana yakan koma keke, mai yanka ya karɓi inji in ya gama yankan da kati ya ba shi, katuna kuma in ƙara su zuwa 60, wato 20 sau uku. Ranar uku ga Sallah nake cire 15 ɗin da na ƙara in mayar da su aljihun tebur.

Bana allon ya fara nuna mini wani abu dabam: da yamma leda na kwana a gaban guga, bakwai, takwas, wani lokaci goma. Shaddar da ake yayi yanzu tana cin lokaci a ƙarƙashin dutse fiye da yadin da muka saba. Na sa an ƙera tebur na biyu, kuma ƙaramin yaron da ke yanke zare ya fara koyon guga a kan wanduna, daga nan zuwa Rajab.